Dattawa Masu Tsaron Kufai a Amurka

A ƙasar Amurka akwai wani aiki da tsofaffi suke yi, miji da mata tare, ba albashi, wanda muke gani ya isa a zauna a auna shi. Mutum ya gama aikin gwamnati ko na kamfani ya yi ritaya, 'ya'ya sun yi aure sun watse. Maimakon ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida yana jiran jikoki, sai shi da uwargida su kulle gida, su ɗauki guzurinsu, su tafi wani kufai inda kakanninsu suka taɓa zama. Can za su yi wata shida, ko shekara guda, ko fiye, suna gyaran wurin, suna kuma ba baƙi labarinsa.

Masu yin wannan su ne mutanen da duniya ta fi sani da suna Mormon. Cikakken sunansu shi ne Ikkilisiyar Yesu Kristi ta Tsarkaka na Kwanakin Ƙarshe. Tun 1978 suna nan Nijeriya, galibi a kudu. A shekarar 2018 shugabanninsu suka roƙa a daina kiransu da gajeren sunan, amma da yake shi ne jama'a suka sani, za mu yi amfani da shi a nan ba da reni ba. Mu faɗa tun da wuri: suna da wani littafi da suke ɗauka nassi ne ban da Littafi Mai Tsarki, ikkilisiyoyinmu kuwa ba su karɓe shi ba. Wannan zance ne na wata rana. Yau aikin tsofaffin ne a gabanmu.

Ba za a gane aikin ba sai an ɗan ji tarihin. Joseph Smith ne ya kafa ikkilisiyar a jihar New York a 1830. Duk inda mabiyansa suka sauka sai rigima ta tashi tsakaninsu da maƙwabta. Bayan an kore su daga jihar Missouri, a 1839 suka yada zango a bakin kogin Misisipi cikin jihar Illinois, wuri mai fadama da sauro, inda zazzaɓi ya kashe da yawa daga cikinsu. Suka haƙa magudanai suka janye ruwan, suka gina gari, suka sa masa suna Nauvoo. Kafin shekara bakwai mutanensa sun haura 10,000. A watan Yuni 1844 taron mutane suka faɗa wa kurkukun garin Carthage, suka harbe Joseph Smith da wansa Hyrum. A Fabrairu 1846, cikin tsananin sanyi, Brigham Young ya ja jama'ar suka fara ƙetare kogin suka nufi yamma. Ayarin farko ya isa kwarin Salt Lake, cikin jihar Utah ta yanzu, a watan Yuli 1847, tafiyar wajen mil 1,300. Kafin jirgin ƙasa ya ratsa yankin a 1869, mutum wajen 60,000 zuwa 70,000 sun bi wannan hanya, waɗansu a keken shanu, da yawa a ƙasa.

Nauvoo kuwa ya koma kusan kufai. Babban haikalin da suka gina wuta ta cinye shi a 1848, guguwa ta rushe bangonsa a 1850. Yau mazaunan garin wajen 1,000 ne kawai. A 1954 wani likita daga Utah, J. LeRoy Kimball, ya sayi tsohon gidan kakan-kakansa a garin don ya gyara ya riƙa hutawa a ciki. Sai baƙi suka yi ta zuwa suna so su ga ciki. Daga nan aka kafa ƙungiyar gyaran garin a 1962, aka yi ta sayen tsofaffin gidaje ana mai da su kamar dā. An sāke gina haikalin aka buɗe shi a 2002. A watan Maris 2024 ikkilisiyar ta biya dala miliyan 192.5 ga wata ikkilisiya 'yar'uwarta da suka rabu tun dā, ta karɓi haikalin Kirtland a jihar Ohio tare da gidajen iyalin Joseph Smith na Nauvoo da waɗansu tsofaffin takardu.

To, kuɗi yakan sayi gini, amma gini ba ya magana. A nan ne tsofaffin suka shigo. Idan baƙo ya isa Nauvoo ba ya biyan ko kwabo. Zai tarar da dattijo da furfura, cikin tufafi irin na mutanen dā, a tsaye cikin maƙera. Wataƙila dā malamin makaranta ne, ko akawu, ko likitan haƙori, bai taɓa riƙe awartaki ba sai da ya zo. An koya masa ya hura wuta, ya sa ƙarfe ya yi ja, ya bubbuga shi a gaban yara, yana bayyana yadda aka yi ta ƙera wilin keken shanu dare da rana a hunturun da aka yi shirin ƙaura. Shekaru da dama sukan ba baƙo ɗan zobe da aka lanƙwasa daga ƙusar takalmin doki ya tafi da shi. A wani gida ana nuna tufkar igiya, da yin kyandir, da saƙa, da gashin burodi a tanderun bulo, da haɗa gangar katako. Akwai rumfar baduku mai ɗinkin takalma, da ta mai ƙera kwano da fitila, da ɗakin buga jarida inda ake jera haruffa ɗaya ɗaya da hannu, da gidan Jonathan Browning maƙerin bindiga. Waɗanda suka tashi a gona su ake ba dawaki da bijimai, su ci da su, su ɗaura musu kaya, su zaga da baƙi. Waɗansu kuwa baƙo ba ya ganinsu ko kaɗan: su ne masu fenti, da gyaran rufi da famfo, da shuka furanni, da ɗinka tufafin da sauran suke sawa. Mata da miji duka suna cikin aikin, kowa da inda aka sa shi a ranar.

A ganinmu wannan abu ne mai kyau, kuma kyansa yana cikin cewa tsofaffi ne suke yinsa. Yaro zai iya haddace labari ya karanto shi sarai. Amma idan tsohuwa mai shekara saba'in ta tsaya a ɗakin da wata uwa ta binne 'ya'yanta saboda zazzaɓi, ita kanta ta haifa, wataƙila ta binne, muryarta dabam ce. Da yawansu kuma jikokin waɗanda suka yi ƙaurar ne, sunan kakarsu yana cikin littafin garin. Ban da haka, sana'ar hannu ba ta zama cikin takarda. Igiya sai an tufka, ƙarfe sai an bubbuga, in ba haka ba cikin tsara biyu sai sunan kayan aikin ma ya ɓace. Shi kansa tsohon yana samun rabonsa. Mutumin da ya saba fita aiki shekara arba'in, ran da aka ce ya zauna, zaman yakan karya shi fiye da aikin. Ga shi an ba shi dalilin tashi da safe, an kuma haɗa shi da matarsa a aiki guda, abin da mai yiwuwa ba su taɓa yi ba tun da suka yi aure.

Sai dai kada mu ɗauka kowane tsoho zai iya. Su suke ci da kansu, su biya haya, su sa mai a motarsu, su nemi inshorar lafiyarsu. A 2011 ikkilisiyar ta sassauta musu: ta ce ma'aurata su zaɓi wata 6, ko 12, ko 18, ko 23, kuɗin haya kuma ba zai wuce dala 1,400 a wata ba, in ya wuce ita za ta cika. Dala 1,400 fa, haya kaɗai. Ashe aikin sa kai ɗin nan yana tsaye ne a kan fansho mai zuwa a kan kari da ajiyar shekaru. Tsohon da fanshonsa yake maƙale a ofis, ko wanda jikoki biyar suke ci daga tukunyarsa, ba ƙarancin zuciya ya hana shi ba. Ko a cikinsu ma abin ba sauƙi. Ɗaya daga cikin manyansu, Robert D. Hales, a wani jawabi na 2001, ya lissafa abubuwan da suke hana tsofaffi fita: tsoro, da damuwar iyali, da kuɗi, da rashin samun aikin da ya dace da su. Za a haifi jika ba su nan, za a yi biki ba su nan, wani lokaci ma a yi jana'iza.

Yanzu ga inda muke da magana. Waɗannan dattawa ba ma'aikatan gidan tarihi kawai ba ne. 'Yan mishan ne, an aike su da ɗibiya hannu, kowa da baƙar alamar suna a ƙirji, ana kiran mijin Dattijo, matar kuma 'Yar'uwa. Ba sa ɓoye wannan, ba mu kuma ga laifin mutum ya shaida abin da ya gaskata a gidan kakansa ba. Amma mai tsaron tarihi da mai wa'azi buƙatarsu ba ɗaya ba ce. Mai wa'azi yana neman labarin da zai taɓa zuciya. Mai tsaron tarihi tilas ya riƙe har da labarin da yake da kunya. In mutum ɗaya ya ɗauki kayan nan biyu, kowa ya san wanda zai fara saukewa idan hanya ta yi tudu.

A ɗauki Nauvoo. Gaskiya ne an tsananta musu, an ƙone gidaje, an kashe shugabansu ba shari'a. Amma gaskiya ne kuma abin da ya kai shi kurkukun shi ne umurnin da majalisar garin, shi yana shugabanta, ta bayar a farfasa injin wata jarida da ta tona zancen auren mata da yawa da ake yi a ɓoye. Ikkilisiyar da kanta, a wani bayani da ta fitar a 2014, ta yarda cewa matan da aka ɗaura wa Joseph Smith sun kai 30 zuwa 40. Kafin a yi Nauvoo kuma, ƙasar ta kabilun Sauk da Meskwaki ce, akwai ƙauyensu a wurin. Kwarin da aka isa a 1847 ma ba fili ne marar mai shi ba, yankin Shoshone da Ute da waɗansu ne, suka rasa makiyaya da mafarauta. A 1857 kuma, a wani wuri da ake kira Mountain Meadows a kudancin Utah, mayaƙan Mormon suka karkashe matafiya wajen 120, maza da mata da yara.

Akwai kuma wanda ya shafe mu kai tsaye. Cikin ayarin farko na 1847 akwai baƙaƙen fata uku waɗanda bayi ne: Green Flake, da Hark Lay, da Oscar Crosby. Wata baƙar mace, Jane Manning James, ita da danginta sun taka wajen mil 800 a ƙasa zuwa Nauvoo a 1843 bayan an hana su shiga jirgin ruwa. Duk da irin wannan aminci, fiye da shekara ɗari ikkilisiyar ta hana baƙin mutum matsayin firist, sai a watan Yuni 1978 aka ɗage dokar. A Nuwamba na shekarar nan aka aiko 'yan mishan na farko zuwa Nijeriya da Gana, su kuwa ba samari ba ne, dattawa ne ma'aurata: Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon. Su suka yi wa Anthony Obinna, wani malamin makaranta a ƙasar Ibo da ya yi shekaru yana rubuta wasiƙu yana jira, baftisma. Yau suna da haikali a Aba, tun 2005. Saboda haka jikan Obinna zai iya tsayawa wata rana a maƙerar Nauvoo, yana da hakki kuwa ya ji inda irinsa suke cikin labarin.

A yi musu adalci. Cikin 'yan shekarun nan sun buɗe baki fiye da dā. A 2007 ɗaya daga cikin manzanninsu, Henry B. Eyring, ya tsaya a Mountain Meadows ya bayyana baƙin cikin ikkilisiyar a kan kisan. A 2013 suka fitar da bayani suka yi watsi da tsofaffin dalilan da aka riƙa bayarwa a kan baƙar fata. Amma abin da aka buga a hedkwata dabam, abin da tsoho gajiyayye zai faɗa wa mota cike da baƙi cikin minti goma dabam.

Wurin da wannan nauyi ya fi bayyana shi ne Martin's Cove, wani lungu a gindin duwatsu kusa da kogin Sweetwater a jihar Wyoming, daji mai iska, nesa da gari. Can ma tsofaffin ne suke tsaro. Galibi sukan zo da bazara su tashi kafin sanyi ya kama, da yawa suna kwana cikin motocin da aka yi kamar ɗaki. Suna gyaran shinge, da share hanya, da wanke bayan gida, da ɗaure ƙafafun amalanke, gama kowace shekara dubban matasa sukan zo su ja amalanke na hannu mil da yawa, don su ɗanɗana abin da kakanninsu suka sha.

Ga abin da ya faru a wurin. A 1855 rashin ruwa da fara suka lalata amfanin gona a Utah, asusun da ake ranta wa matalautan tubabbu na Turai don su zo ya yi ƙasa. Sai aka yanke shawara a rage tsada: maimakon keken shanu, kowane iyali su ja kayansu a amalanke. Daga 1856 zuwa 1860 ayari goma suka yi haka, mutum wajen 3,000, takwas kuma sun isa ba babbar hasara. Biyu ne suka makara, ayarin James Willie da na Edward Martin, wajen mutum 1,000, yawancinsu talakawan Ingila da Denmark da ba su san ƙasar ba. Jiragensu sun bar Liverpool a watan Mayu 1856. Da suka iso inda layin dogo ya ƙare a Iowa, ba a shirya musu amalanke ba, aka ƙera da gaggawa da ɗanyen katako, wanda ya riƙa tsagewa a hanya. Kowane babba an yarda masa kaya fam 17 kawai.

A garin Florence na Nebraska, cikin watan Agusta, saura tafiyar wajen mil 1,000, ayarin Willie suka zauna shawara. Wani daga cikin shugabanninsu, Levi Savage, wanda ya san duwatsun yamma, ya tashi ya ce lokaci ya ƙure, da tsofaffi da mata da yara haka, a tsaya a yi hunturu a nan, in ba haka ba za a binne mutane a hanya. Aka tsauta masa, aka ce bangaskiyarsa ce ta yi rauni, jama'a suka zaɓi tafiya. Ya ce to, zai bi su, ya sha wuya tare da su. Kowane manomi ya san irin wannan zama. Wanda ya ce damina ta yi nisa, kada a zuba iri a ƙasa yanzu, ba shi ne ake so a ji ba.

A hanya garken ɓauna ya firgita shanun ayarin Willie, wajen 30 suka ɓace, aka ɗora buhunan gari a kan amalanke. Rabon gari ya sauko daga fam guda a rana har ya kai kashi huɗu na fam. Ayarin Martin suka zubar da barguna don kaya su yi sauƙi, kwana kaɗan kafin ƙanƙara ta sauko ran 19 ga Oktoba. Brigham Young bai san suna hanya ba sai ran 4 ga watan. Kashegari ya tsaya gaban taro ya ce a tara alfadarai da gari a tafi a ɗauko su, samari kuwa suka fita, waɗansu suka ɗauki mutane a baya suka ƙetare ruwa mai ƙanƙara. A farkon Nuwamba ayarin Martin suka fake a lungun nan wajen kwana biyar. Kafin na ƙarshe su shiga Salt Lake ran 30 ga Nuwamba, fiye da mutum 200 sun mutu cikin ayarin biyu, da yawa kuma sun rasa yatsu da ƙafafu. Brigham Young da kansa ya tsauta wa wakilan da suka bari aka taso a makare, a gaban jama'a.

Labarin nan yana da fuska biyu, dukansu kuwa gaskiya ne. Akwai jimiri da ƙauna da ceto. Akwai kuma mugun shiri, da shugabannin da suka mai da shawarar mai sani ta zama rashin bangaskiya. Tsoronmu shi ne a ba matasa ta farin kaɗai, domin ita ce take sa hawaye, a yabi Savage saboda ya bi, a manta cewa shi ne mai gaskiya. Yaron da ya ja amalanke kwana uku ya koma gida ya koyi cewa wahala alama ce ta albarka, bai koyi cewa shugaba yana iya kuskuren lissafi ba, an ba shi rabin gādonsa ne. Wata rana shi ma zai zauna a kujerar shawara.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. Ikkilisiyar ta sayi gonar kiwon da take kusa a 1996, ta buɗe gidan baƙi a 1997, amma lungun kansa ƙasar gwamnatin tarayya ce. Ta nemi saye, majalisar dattawan ƙasar ba ta yarda ba, sai aka ba ta haya ta shekara 25 a 2004. A 2005 wata ƙungiyar kare 'yancin jama'a, ACLU, ta kai ƙara, tana cewa ɗan ƙasa bai kamata sai ya bi ta hannun 'yan mishan kafin ya taka ƙasar gwamnati ba. Aka sasanta a 2006, aka gyara allunan bayani, aka kuma tabbatar da hanyar shiga ga wanda ba ya son wa'azi.

Allo kuwa ba shi ne yake magana da baƙo ba, tsohon ne. A nan muke ganin dattijo ya fi saurayi dama. Ba ya neman ƙarin girma, ba mai korarsa daga aikin da ba a biyansa, ya kuma daɗe a duniya har ya ga shugabanni nagari sun yi kuskure. In yarinya ta tambaye shi dalilin da ya sa aka taso a watan Agusta, yana iya zaunar da ita a kan dutse ya gaya mata zancen ɗanyen katako da zaman Florence. Abin da zai faɗa ma a rubuce yake. Levi Savage bai mutu a hanya ba. Ya isa Salt Lake da ayarin Willie ran 9 ga Nuwamba, ya zauna daga baya a garin Toquerville a kudancin Utah har ya rasu a 1910, littafin da ya riƙa rubuta abin da ya faru a tafiyar kuwa yana nan an adana shi.